Yaushe Ya Kamata Mu Fara Adon Kirsimeti?

Karatu: Littafin Firistoci 23:23-43, Nehemiya 8:9-18
Ayar Haddacewa: Romawa 14:6

Manufa: Mu koyi shirya wa bikin haihuwar Ubangijinmu bisa ga jerin da ke faranta wa Allah rai, domin farin cikinmu kada ya ƙare da bashi, ko faɗa, ko hukunta juna.

Gabatarwa

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, kasuwa takan riga ikilisiya sanar da Kirsimeti. Tun watan Nuwamba za ka ga shaguna sun rataye fitilu masu walƙiya, da balan-balan, da ribon ja da kore, da itatuwan roba. Yara su fara tambaya, “Baba, yaushe za mu sa namu?” Uwargida ta leƙa gidan maƙwabta ta ga an yi sabon fenti, an canza labule. A majami'a kuwa, matasa suna so a yi wa bagade ado tun Lahadin farko na Disamba, wasu dattawa suna cewa a dakata, wani ɗan'uwa kuma yana cewa adon gaba ɗaya al'adar arna ce.

Tambayar ƙarama ce a baki, amma ta sha haɗa miji da mata, ta sha raba kan kwamitin ado, ta kuma sha jefa iyali cikin bashin da ba su fita ba sai Ista. Saboda haka ya dace mu kawo ta gaban Maganar Allah.

1. Littafi Mai Tsarki Bai Tsayar da Rana Ba

Matta da Luka sun ba mu labarin haihuwar Yesu, amma babu wanda ya faɗi rana ko wata. Manzanni ba su bar mana umarnin yin bikin ba, balle na yi masa ado. Rubutu mafi daɗewa da ke nuna ana kiyaye 25 ga Disamba ya fito daga birnin Roma ne, a shekara ta 336. Har yau 'yan'uwanmu Kibɗawa na Masar da Kiristocin Otodoks na Habasha suna yin nasu bikin ranar 7 ga Janairu.

Adon ma daga baya ya zo. Itacen Kirsimeti ya samo asali ne a ƙasashen Jamusawa wajen ƙarni na 16. Ya yi farin jini a Ingila bayan da wata jarida ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albat da 'ya'yansu a gindin irin wannan itace a 1848. Fitilun lantarki kuwa, Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, shi ne ya fara naɗa su a jikin itace a birnin New York a 1882. Ƙwayaye 80 ne kawai.

Lokacin farawa ma kowace ƙasa da nata. A Filifin tun watan Satumba ake soma ado da waƙoƙin Kirsimeti. A Amurka yawancin gidaje sukan jira a gama Ranar Godiya, wato Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. A Jamus tsohuwar al'ada ita ce a kafa itacen a jajibere, ranar 24 ga Disamba. Katolika da Anglikan suna da lokacin jiran zuwan Almasihu da suke kira Adbent, wanda ke farawa Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Akwai ma lokacin da masu tsananin ibada a Masachusets ta Amurka suka hana bikin ɗungum: daga 1659 zuwa 1681 duk wanda aka kama yana yin Kirsimeti sai ya biya tarar sule biyar.

Me wannan ke koya maka? Duk wanda ya ce maka wajibi ne a fara ran kaza, ko kuwa zunubi ne a fara kafin ran kaza, al'adarsa yake faɗa maka. Bulus ya riga ya gargaɗi Kolosiyawa kada su yarda wani ya hukunta su a kan ranakun idi (Kolosiyawa 2:16). Kana da 'yanci. Amma 'yancin mai bi yana bukatar hikima, hikimar kuwa tana cikin Maganar Allah.

2. Idin da Allah da Kansa Ya Ce A Yi wa Ado

Akwai biki guda da Allah ya umarci mutanensa su yanko rassan itatuwa dominsa, wato Idin Bukkoki. Kirsimeti ba Idin Bukkoki ba ne, mu kuma ba ma ƙarƙashin Shari'ar Musa. Duk da haka, abin da aka rubuta a dā an rubuta shi domin koyarwarmu ne (Romawa 15:4). Ka duba yadda Allah ya jera watan bakwai na Isra'ila a Littafin Firistoci sura 23. Ran 1 ga wata a busa ƙaho. Ran 10 ga wata Ranar Kafara ce, ranar ƙasƙantar da kai. Sai ran 15 ga wata, bayan an tattara amfanin gona, a ɗebo 'ya'yan itatuwa masu kyau, da ganyen dabino, da rassa masu duhuwa, da rassan itatuwan bakin rafi, a yi murna a gaban Ubangiji kwana bakwai. Rassan su ne na ƙarshe a jerin. Bari mu bi matakan ɗaya bayan ɗaya.

(a) Ƙaho ya fara: Maganar Allah ta riga ado shiga gida.

A zamanin Nehemiya, ran 1 ga watan bakwai, Ezra ya karanta wa jama'a Attaura tun da safe har tsakar rana. Kashegari shugabannin gidaje suka koma wurinsa domin su ƙara fahimta, a nan ne suka tarar da umarnin yin bukkoki. Sa'an nan suka fita zuwa tuddai suka ɗebo rassan zaitun da na dabino, suka kafa bukkoki a kan rufin gidajensu, da tsakar gida, da farfajiyar Haikali, da dandalin ƙofofin birni. Karatu ne ya haifi adon. Shi ya sa kowane yaro da ya kwana a bukka ya san dalilinta: Allah ya zaunar da kakanninsu cikin bukkoki sa'ad da ya fisshe su daga Masar.

Kai fa? In ɗanka ya nuna tauraron da ka rataye ya tambaye ka ma'anarsa, kana da amsa? Yara da yawa a gidajen masu bi sun san Baba Kirsimeti mai jar hula, sun san ranar da tela ya ce a zo a karɓi ɗinki, amma ba su san sunan garin da aka haifi Mai Cetonsu ba. Kafin ka buɗe kwalin kayan ado, ka buɗe Littafi. Bisharar Luka tana da sura 24. In iyali suka karanta sura ɗaya kowace rana daga 1 ga Disamba, za su gama a jajiberen Kirsimeti, sun bi Yesu daga Baitalami har zuwa kabarin da ba kowa a ciki.

(b) Kafara ta biyo: a share zuciya kafin a share ɗaki.

Kwana biyar ne tsakanin Ranar Kafara da Idin Bukkoki. Allah bai bar Isra'ila su ɗauki ganyen dabino ba sai da aka daidaita batun zunubi. Mu kam Kafararmu ta cika a kan gicciye, halleluya! Amma jinin Yesu yana tsarkake wanda ya furta zunubinsa ne (1 Yohanna 1:9). Ubangiji ya kwatanta Farisiyawa da kaburburan da aka shafa wa farar ƙasa, kyau a waje, ruɓa a ciki (Matta 23:27). Gidan da aka yi wa sabon fenti alhali miji da mata sun yi wata guda ba sa gaisawa, me ya raba shi da wannan kwatanci?

Sa'ad da Allah ya aiko Yohanna Mai Baftisma ya shirya wa Almasihu hanya, shirin da ya nema shi ne tuba mai 'ya'ya. Mai riga biyu ya ba marar ita ɗaya. Mai karɓar haraji kada ya wuce abin da aka ƙayyade. Soja ya bar ƙwace, ya gamsu da albashinsa (Luka 3:10-14). Yesu kuma ya koyar cewa in ka kawo baiko bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, sulhu ne farko, baiko ya biyo baya (Matta 5:23-24). In baiko zai jira sulhu, ai balan-balan ma za ta iya jira.

'Yar'uwa, akwai wadda kika daina yi wa magana a zumuntar mata tun rabon ankon bara? Ɗan'uwa, akwai ƙaninka da rikicin gonar gado ya raba ku, ga shi za ku haɗu a ƙauye ran 24 ga wata? Ka ɗauki waya yau. Wannan shi ne adon farko.

(c) Bayan girbi: a yi ado da abin da ke rumbu.

Allah ya sa idin ya zo bayan an tattara amfanin masussuka da na wurin matse inabi, ya kuma ce kowa ya kawo gwargwadon albarkar da ya samu (Maimaitawar Shari'a 16:13-17). Kayan adon ma rassa ne da kowa zai iya yankowa a bakin rafi ko kan tudu. Talaka da mai arziki duk bukka ɗaya suka kwana.

A nan ne da yawa daga cikinmu muke tuntuɓe. Disamba wata ɗaya ne, amma yakan cinye albashin wata uku. Bayansa kuwa Janairu na tsaye da kuɗin makaranta na zango na biyu, ga mai gidan haya, ga adashen da aka riga aka kwashe. Karin Magana 22:7 ta nuna mai cin bashi bawa ne ga wanda ya ba shi rance. Shin daidai ne ka shiga bauta domin ka yi bikin Wanda ya zo ya 'yantar da kai? Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Sun kuma ce kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Ka tuna da Yusufu da Maryamu. Sun kwantar da Sarkin sarakuna a komin dabbobi. Da suka kai shi Haikali, hadayar da suka miƙa ita ce wadda Shari'a ta yardar wa wanda ba shi da halin ɗan rago, wato kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu (Luka 2:24, Littafin Firistoci 12:8). Allah bai ji kunyar talaucinsu ba. Kada ka ji kunyar naka har ka ci bashi don idon mutane.

Akwai kuma haƙƙin wasu. Yaƙub 5:4 ya nuna ladan ma'aikaci da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji Mai Runduna. In kana riƙe da albashin yarinyar da ke taya ki aiki, ko kuɗin birkila, ko na tela, ko na mai shagon da ke ba ka bashin shinkafa, to lokacin sayen fitilu bai yi ba tukuna. Su ma suna da yara masu jiran Kirsimeti.

(d) A aika wa wanda ba shi da komai.

Da jama'a suka fashe da kuka saboda jin Shari'a, Nehemiya ya sallame su su je su ci su sha, su kuma aika da rabo ga waɗanda ba su shirya komai ba. Musa ma ya lissafta waɗanda za a yi murnar idin tare da su: 'ya'ya, da barori, da Balawe, da baƙo, da maraya, da gwauruwa. A cikin ikilisiyarmu akwai waɗanda wannan ce Kirsimetinsu ta farko ba tare da miji ko ɗa ba. Akwai waɗanda tashin hankali ya raba da ƙauyukansu, suna zaman aro a ɗaki guda, ba su da bangon kansu da za su rataye wani abu. Kafin ka ware kuɗin ado, ka ware mudun shinkafa da kaza domin ɗaya daga cikinsu. Kada kuma ka manta da kyakkyawar al'adar nan ta aika wa maƙwabta abinci, Kirista da Musulmi, yadda su ma sukan aiko mana ranar Salla. Kwanon abincin da ya ƙetara katanga yakan yi shaidar Kristi fiye da fitilar da ke kan katangar.

(e) Bukka tana da ranar saukewa.

Kwana bakwai aka ba Isra'ila, a rana ta takwas a yi tsattsarkan taro, kowa ya koma ɗakinsa. Ganye yakan bushe. Bukkar tana tuna musu cewa su matafiya ne. Haka adonmu yake: alama ce mai nuni ga Yesu, in ta gama aikinta a naɗe ta. A al'adar Turawa ana sauke ado wajen 5 ko 6 ga Janairu, ranar tunawa da zuwan masanan gabas. Mu ma ya dace mu sa masa iyaka, musamman da yake ikilisiyoyi da dama suna buɗe sabuwar shekara da azumi da addu'a.

3. Ɗan'uwan da Ba Ya Ado Sam

Wasu masu bi na gaskiya suna kafa hujja da Irmiya 10:1-5 su ce itacen Kirsimeti gunki ne. Ka karanta wurin a natse. Annabin yana magana a kan itacen da aka saro daga jeji, masassaƙi ya sassaƙa shi, aka dalaye shi da azurfa da zinariya, ake ɗaukarsa domin ba ya iya tafiya, mutane kuma suna jin tsoronsa. Gunkin da ake yi wa sujada ke nan, an kuma rubuta wannan kusan shekara 600 kafin haihuwar Kristi. Ba wanda ke rusuna wa itacen roba yana roƙonsa ruwan sama.

Duk da haka, kada ka rena ɗan'uwan nan. Mai yiwuwa Allah ya fisshe shi daga gidan tsafi inda ake ɗaura wa itace ƙyalle ana zuba masa jini, lamirinsa kuwa bai saki ba. A Romawa 14 Bulus ya nuna wani yana ɗaukaka wata rana, wani kuma duk ranaku ɗaya ne a gare shi, kowannensu saboda Ubangiji yake yi. Mai ado kada ya yi wa marar ado ba'a, marar ado kada ya kira mai ado arne. Gargaɗin Irmiya kuma yana da wurin da zai kama mu duka: duk abin da ya ture Yesu daga tsakiyar zuciya ya zama gunki, ko itace ne, ko atamfa, ko yabon mutane. Marta ta sha wahalar hidima domin Yesu har ta rasa zama da Yesu (Luka 10:38-42). In aikin ado ya hana ki sujadar safe, ya sa kina yi wa yara tsawa, to ki ajiye almakashi ki zauna a ƙafafunsa tukuna.

4. To, Wace Rana?

Ga shawara, ba doka ba.

A watan Nuwamba, lokacin da ikilisiyoyi ke godiyar girbi, miji da mata su zauna su yi lissafi. A fara cire zakka, da bashin da ake binku, da kuɗin makarantar Janairu, da rabon mabukata. Abin da ya rage shi ne na biki, daga cikinsa ne na ado zai fito. A kai ɗinki wurin tela da wuri, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga 1 ga Disamba a busa ƙaho: karatun Luka da waƙoƙin yabo a sujadar iyali, da neman sulhu da duk wanda ya kamata.

A majami'a, Lahadin farko ko na biyu na Disamba ya isa, bisa ga abin da fasto da dattawa suka tsayar. In sun tsayar, kwamitin ado ya bi ba tare da gunaguni ba. Kada adon ya rufe bagade, ko ya tare hanyar fita, ko ya ci kuɗin da aka ware domin bishara da gwauraye.

A gida, mako biyu ko kwana goma kafin ranar ya wadatar. A ƙasarmu ƙurar hunturu ba ta raga wa komai, abin da aka rataye tun Nuwamba kafin ran 25 ya yi furu-furu, yara ma sun gaji da ganinsa. Ku bar yara su yanka taurari da takarda mai launi, su rubuta ayoyi su manna a bango, su samo ganyen dabino. Abin da hannunsu ya yi ba za su manta da shi ba.

Ku kuma yi hattara da wuta, gama a hunturu komai a bushe yake. Kada a cusa fulogi da yawa a soket ɗaya. Kada a yi amfani da wayar da ta kwaile. A nisanta kyandir da labule da takarda. A kashe fitilun ado kafin a kwanta ko a fita, ko da an ɗauke wuta, domin ba ka san lokacin da za a dawo da ita ba. Rigakafi ya fi magani.

In kuwa bana ba ka da halin komai, ka share tsakar gidanka, ka wanke labulen da kake da shi, ka tara iyalinka ku yi waƙa. Makiyayan Baitalami ba su rataye ko zare ɗaya ba, amma su ne ɗaukakar Ubangiji ta haskaka kewaye da su. Saminu da Hannatu kuma da jira da addu'a suka shirya, Ruhu Mai Tsarki kuwa ya kai Saminu Haikali a daidai ranar da aka kawo Yaron.

Tambayoyin Tattaunawa

1. Me ya sa Allah ya sa Ranar Kafara ta riga Idin Bukkoki? Yaya za ka bi wannan jeri a gidanka bana?
2. Waɗanne abubuwa ne ke tura masu bi cin bashi a Disamba? Ta yaya ikilisiya za ta rage wannan matsi, musamman a batun anko?
3. In ɗan'uwa ya ce adonka tsafi ne, yaya za ka amsa masa bisa ga Romawa 14?
4. Ambaci mutum ɗaya ko iyali ɗaya da za ka aika wa rabo kafin 25 ga Disamba.

Addu'a

Ya Uba na sama, na gode maka domin kyautar Ɗanka Yesu Kristi. Ka binciki zuciyata, ka wanke ni da jininsa. Ka ba ni tawali'u in nemi sulhu da wanda na ɓata wa, in kuma gafarta wa wanda ya ɓata mini. Ina ƙin ruhun gasa, da fahariya, da bashi, cikin sunan Yesu. Ruhu Mai Tsarki, ka cika gidana da salama, ka kiyaye mu daga gobara da hatsarin hanya, ka buɗe idona in ga mabukacin da ke kusa da ni. Bari hasken Kristi ya haskaka cikin iyalina a wannan wata da dukan shekara mai zuwa. Cikin sunan Yesu Kristi na yi addu'a. Amin.